Awon alkama da tallafin gwamnati: wa zai riƙe sikeli, wa zai ɗebi samfuri?

Malamin Gona na Kura:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai shawarar da wasu ke kawowa duk lokacin da aka zauna kan noman rani, cewa a ɗaure tallafin alkama da ingancin abin da manomi ya girbe, wanda alkamarsa ba ta kai mizani ba a cire sunansa baɗi. Tun daga shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamba 2015, har zuwa shirin rangwamen rabin kuɗin iri da taki da aka buɗe a Jigawa a Nuwamba 2023 da rancen Bankin Raya Afirka, tambayar ɗaya ce take dawowa: me manomi ya mayar? Ban ƙi a auna ba. Abin da nake so mu warware shi ne me za a auna, da me za a auna, kuma wa zai tsaya a wurin. Masu sikeli da masu ɗakin gwaji suna cikinmu, a taimaka mana da bayani dalla-dalla.

Mai Sikeli na Dawanau:
Wa'alaikumus salam Malam. Kafin a kai ga na'ura, a fara da ɗibar samfuri, don a nan yawancin zalunci yake faruwa kuma ba wanda ke lura. Buhun alkama ba ɗaya yake daga baki zuwa gindi ba. In aka ɗora shi a mota ya sha girgiza daga Bunkure zuwa Kano, yashi da karyayyiyar ƙwaya suna gangarawa ƙasa, ƙaiƙayi yana tasowa sama. Wanda ya kwance baki ya ɗebi tafin hannu ɗaya bai ga yashin ba. Wanda ya huda gindi kaɗai ya ga yashi fiye da yadda yake. Kowanne a cikinsu zai iya rantsewa cewa abin da ya gani ya faɗa.

Yadda ake yi: ƙarfen huda buhu ya zama mai tsawon da zai kai tsakiya, a soka shi a karkace, kwarminsa na kallon ƙasa, sai an shiga a juya shi sama. A ɗiba a sama, a tsakiya, a ƙasa. Tsohuwar ƙa'idar da ake bi a harkar hatsi ita ce in buhu bai wuce 10 ba a taɓa kowanne, daga nan zuwa 100 a zaɓi 10, in ya wuce 100 a ɗauki adadin da in an ninka shi da kansa zai ba da jimillar, wato a buhu 400 a taɓa 20. Kuma kada mai awo ya zaɓa, kada mai kaya ya zaɓa. A sa wa buhuna lamba da alli, a rubuta lambobin a takarda, yaro ya zaro daga cikin hula.

Abin da aka ɗiba a zuba a tamfol mai tsabta, a cakuɗa, a tara, a baje, a raba huɗu, a ɗauki kashi biyu masu kallon juna, a sake, har a sauko kamar kilo 3. Sai a raba uku a leda mai kauri: ɗaya ta gwaji, ɗaya ta manomi, ɗaya ta ajiya. Ta ajiyar a liƙe ta, kowa ya sa hannu a kan bakin.

Sakataren Ƙungiya, Auyo:
Alhaji, wannan leda ta uku ita ce maganar. In babu ita, ƙorafin manomi ya zama baki da baki, kuma an san bakin wa ake ji.

Hajiya Mai Gwaji:
Sannunku da ƙoƙari. Bari in ɗora daga inda Alhaji ya tsaya, sai dai in ja hankali kan jerin gwajin, domin in aka juya shi za a ci manomi tara sau biyu a kan laifi ɗaya.

Danshi ake fara aunawa, nan take, kafin samfurin ya sha iska. Ƙananan na'urorin hannu da ake yawo da su ba ruwan suke gani kai tsaye ba, yadda ƙwayar ke karɓar lantarki suke karantawa su ƙiyasta. Saboda haka abubuwa da yawa na ruɗa su: alkama mai zafi da ta kwana a rana a kan kwalta, batir da ya yi sanyi, ƙura a cikin kofin, ko a manta na'urar tana kan lissafin masara ko shinkafa. A bar samfurin a inuwa cikin leda a rufe har zafinsa ya daidaita da na na'urar, a auna sau uku, kowane karo da sabuwar ɗiba, a ɗauki matsakaici. Ko na'urar tana lafiya, bambancin rabin maki ba abin mamaki ba ne. Alƙalin da ake komawa gare shi in an yi gardama shi ne tanda ta ɗakin gwaji: a niƙa, a auna giram 5, a gasa a zafin digiri 130 na awa 2, a huce a cikin tukunyar gilashi mai tsotse laima, a sake aunawa. Abin da ya ragu shi ne ruwan. Kowace na'urar hannu ya kamata a gwada ta da sakamakon tanda kafin a fara saye, a liƙa mata takarda mai kwanan wata.

Bayan danshi sai datti. A auna giram 500, a tankaɗe, a tsince tsakuwa, kara, ƙaiƙayi, irin ciyawa, a auna su. In sun kai giram 15, datti kashi 3 cikin ɗari ke nan. Sai bayan an tsaftace ake auna nauyin lita, wato nauyin alkamar da ta cika gwangwani mai cin lita ɗaya. Dalili kuwa, ƙaiƙayi yana sauke nauyin lita, yashi yana ɗaga shi. In ka yanke wa mutum kilo saboda ƙaiƙayi, sannan ka auna nauyin lita da ƙaiƙayin a ciki ka sauke masa daraja, ka hukunta shi sau biyu. Mai zuba yashi kuma ya samu lada.

Akantan Ƙungiya:
Hajiya, tunda kin taɓo danshi, ga lissafin da ba a cika yi wa manomanmu ba. Dokokin danshi na ƙasashen waje an gina su ne don tsoron jiƙaƙƙiyar alkama. Tarayyar Turai ba ta sayen wadda ta haura kashi 14.5 a rumbun gwamnati, domin can ana girbi da ruwan sama a kusa. Mu kuwa a Maris da Afrilu muke girbi, iska a bushe ƙayau, alkama takan zo da danshi ƙasa da 10. In doka ta ce a yanke wa mai 15 amma ba ta ce a ƙara wa mai 9 ba, gefe ɗaya take ci.

Lissafin ba wuya. A ce an tsayar da 12 a matsayin mizani. Ka cire danshin manomi daga 100, ka ninka da nauyinsa, ka raba da 88. Mai kilo 3,000 a danshi 15: 3,000 sau 85 raba 88, ya koma kilo 2,898. Mai kilo 3,000 a danshi 9: 3,000 sau 91 raba 88, ya zama kilo 3,102. Buhu guda cur ke nan a kowane buhu 30, kuma shi ne buhun da ake shiru a kansa.

Ina yake tafiya? Mai niƙa ba ya niƙa alkama a bushe, sai ya jiƙa ta zuwa 15 ko 16 don dusa ta saɓule ba tare da ta farfashe ba. Tan ɗaya mai danshi 9 yana shan ruwa kilo 83 kafin ya kai 16. Mai danshi 12 kilo 48 kawai yake sha. Bambancin ruwan famfo ne, amma wani kaso nasa da farashin fulawa ake sayar da shi.

Mai Sikeli na Dawanau:
Akanta, lissafinka daidai ne a takarda, amma kada a manta mai saye ma yana da nasa. Alkamar da ta bushe ƙwarai tana karyewa a injin sussuka da wajen lodi, kuma karyayyiya ba ta ba da fulawa kamar lafiyayya. Sannan in ka ce za a biya ƙari har ƙasa ba iyaka, kana dogara da na'urar da ba ta da tabbas sosai a can ƙasa. Ni a ganina a sa ƙarin ya tsaya a 10, abin da ya gaza haka a lissafa shi a matsayin 10.

Akantan Ƙungiya:
Na yarda da iyaka, Alhaji, muddin an rubuta ta kafin shuka. Amma karyayyiyar ai ana auna ta daban a rariya, kada a fake da ita a danshi.

Sai kuma kilo ɗaya ko biyu da ake cirewa a kowane buhu da sunan nauyin buhu. Buhun leda babu komai a ciki bai kai rabin kilo ba. A ɗora buhuna 10 marasa kaya a sikeli a gaban kowa, a raba da 10, shi ke nan. Sikelin kansa a gwada shi da ƙarfen awo na kilo 20 ko 50 da safe da kuma bayan azahar, a kan daɓe mai daidai, don sikelin da ƙafarsa ɗaya ke kan tsakuwa yana da nasa ra'ayin. Akwai sashen awo da ma'auni a Ma'aikatar Masana'antu da Kasuwanci ta Tarayya, aikinsu ne duba sikelin ciniki, a nemi shaidarsu a jikin kowane sikeli.

Baba Mai Fangali, Kadawa:
'Ya'yana, duk na ji. To ku yi mini bayanin wannan nauyin lita da Hajiya ta ambata. Mu mudu muka sani da tiya. In aka ce wa manomi alkamarsa 74 ce, ta maƙwabcinsa 78, me aka ce masa?

Hajiya Mai Gwaji:
Baba, abin da kuke yi da hannu ne aka sa wa lamba. In kun cika tiya da alkama mai ƙiba kun ji ta fi ta motsattsiya nauyi, shi ke nan. Ana cika gwangwanin ƙarfe mai cin lita ɗaya daidai, a auna. In ya ba da giram 780, to lita 100 za ta yi kusan kilo 78, sai a ce 78. Amfaninsa ga mai niƙa shi ne ƙwaya mai ƙiba gari ya fi yawa a cikinta, motsattsiya kuwa ɓawo ya fi yawa. Daga alkama mai kyau akan fitar da fulawa kilo 72 zuwa 76 a kowane kilo 100, motsattsiya ba ta kaiwa. Turai ta sa 73 a matsayin mafi ƙanƙanta da gwamnati za ta saya.

Inda ake cuta a nan shi ne wajen zubawa. Dole ƙwayar ta faɗo daga mazurari, daga tsayi ɗaya kullum, a share bakin da wuƙar da aka yi domin haka, sau ɗaya. In mai awo ya bubbuga gwangwanin ko ya danna da hannu, lambar ta hau. In ya zuba a hankali daga bakin gwangwanin kamar mai tsoron ta fashe, lambar ta sauka. Da hannu kaɗai ana iya motsa ta maki ɗaya ko biyu. Tauye mudu ne, sai dai da kayan bature. A yi sau biyu, in bambancin ya wuce rabin maki a sake.

Sai rariya. Turawa suna raba motsattsiya da rariya mai tsagar milimita 2, Amurkawa da mai tsagar da ta ɗan wuce milimita 1.6. Alkama ɗaya, rariya biyu, sakamako biyu. Duk takardar da ta ce motsattsiya kada ta wuce kashi kaza amma ba ta faɗi girman tsagar ba, da yawan girgizawar da za a yi, ba ta ce komai ba.

Malamin Gona na Kura:
To nan ne zan shigo da abin da ya sa na buɗe zancen. Me ke motsar da alkama a ƙasarmu? Zafi ne a lokacin ɗurin ƙwaya. Ire-iren da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar, irin su Atilla Gan Atilla, Norman da Reyna 28, suna nuna cikin wata uku ko da 'yan kwanaki. Wanda ya shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, alkamarsa za ta fitar da kai ta yi ɗuri cikin sanyin hunturu. Wanda ya shuka a Janairu, ɗurinsa zai faɗa cikin Maris, lokacin da rana ke haura digiri 35. Zafin yana gajarta kwanakin ɗuri, ƙwaya ta bushe kafin ta cika. Ko ka ba ta ruwa yadda ya kamata, ba za ta kai ta Nuwamba ba.

Yanzu a tambaya: me ke sa mutum ya shuka a Janairu? Wani laifinsa ne, bai kwashe shinkafar damina da wuri ba. Amma wani iri da takin tallafin ne ba su iso ba sai ƙarshen Disamba, wani kuma ba a sako ruwa a magudana a kan lokaci ba. In aka kawo wa mutum iri a makare, sannan aka zo da rariya a Afrilu aka ce bai cancanci tallafin baɗi ba, an ci shi tara a kan jinkirin da ba nasa ba. Shi ya sa nake ganin takardar awo ba ta cika ba sai an rubuta ranar da ya karɓi iri da ranar da ruwa ya iso fangalinsa.

Ɗalibin Noma a Masar:
Malam, abin da ka faɗa ya taɓa faruwa a Indiya, kuma yadda suka yi da shi abin dubawa ne. Gwamnatinsu tana sayen alkama a farashin da ta tsayar, da sharaɗin motsattsiya da karyayyiya kada su wuce kashi 6. A Maris 2022 zafi ya sauko da wuri a jihohin Punjab da Haryana, alkama ta motse. Da aka ga manoma da yawa za su faɗi a rariya kan abin da ba su jawo ba, sai aka ɗaga iyakar zuwa kashi 18 a wannan kakar. A danshi kuma matakala suke da ita: zuwa 12 cikakken farashi, daga 12 zuwa 14 a rage kuɗi gwargwado, sama da 14 a mayar.

Masar kuwa tsabta take aunawa da ƙiraɗi, kamar zinariya, 24 ne cikakke. A kakar 2024 ardabi ɗaya, wato kilo 150, mai ƙiraɗi 23.5 fam ɗin Masar 2,000 ne, mai 23 fam 1,950, mai 22.5 fam 1,900. Ku lura, tsakanin daraja da daraja fam 50 ne kacal. Manomi yana da dalilin tsaftacewa, amma kuskuren mai awo ba zai rusa masa shekara ba.

Sai dai su ma sun sha wuya ta wata ƙofar. A 2016 majalisar dokokinsu ta binciki alkaluman alkamar da aka ce an saya daga manoma, aka tarar abin da ke rumbuna bai kai na takarda ba, har ministan samar da kayan abinci ya yi murabus a Agusta na shekarar. Duk inda farashin gwamnati ya fi na kasuwa, za a samu mai kawo alkamar waje ko ta takarda ya ce ta gida ce.

Sakataren Ƙungiya, Auyo:
Wannan matakalar ita nake so a riƙe. A ce an sa layi a nauyin lita 75. Mai 74.8 ya rasa komai, mai 75.1 ya samu komai, alhali Hajiya ta ce gwangwanin kansa yana iya kuskuren rabin maki. Ka ga duk ƙarfin ya taru a hannun mai share bakin gwangwani, kuma wurin da ƙarfi ya taru haka a nan ake miƙa na goro. In kuwa kowane maki ɗaya ragin kashi 1 ne na farashi, babu abin da ya kai a saya.

Ni dai ra'ayina, a raba abu biyu. Cancantar tallafi ta tsaya a kan gona: akwai ta, girmanta kaza, an shuka irin da aka bayar, an sa takin. Inganci kuma ya tsaya a kan farashi ranar saye.

Mai Sikeli na Dawanau:
Sakatare, a nan ba mu tare gaba ɗaya. In ka cire inganci daga cancanta kwata-kwata, me za ka yi da wanda ya karɓi taki ya sayar a kasuwa, ya watsa iri a gona don a ga kore ranar da masu dubawa suka zo? Ko wanda kowace shekara yake cika gindin buhu da yashi? Kuɗin jama'a ne fa.

Sakataren Ƙungiya, Auyo:
Yashi ai ha'inci ne, Alhaji, hukuncinsa daban. Akwai abin da manomi ke da iko a kansa: yashi, tsakuwa, jiƙa alkama da gangan, cakuɗa tsohuwa mai cin ƙwaro da sabuwa, da mafi muni, zuba ragowar irin shuka mai magani a cikin ta ci. Wannan na ƙarshe ko ƙwaya kaɗan masu jan launi aka gani a mayar da kayan duka, guba ce. A kan irin waɗannan a yi gargaɗi a rubuce, in ya maimaita a cire shi, ban da ja. Amma motsewa da nauyin lita rabinsu na sama ne da na masu rabon kaya.

Manomin da ya sayar da takin tallafi kuma a gona ake kama shi. A zaga iyakar gonar da waya mai auna fili, don da yawa abin da ake kira hekta eka ce da 'yan kai, eka kuwa kashi 4 cikin 10 ce ta hekta. Kafin girbi a yanka murabba'in mita ɗaya a wuri 5 da aka zaɓa da ƙuri'a, ban da bakin kunya, a sussuke a auna. Giram 350 a murabba'in mita yana nufin kilo 3,500 a hekta, sai a cire filin da kunyoyi da magudanai suka ci. A kwatanta shi da maƙwabtansa da suka sha ruwa ɗaya suka shuka mako ɗaya. In kowa na wajen tan 3 shi yana tan 1, a tambaye shi. Wannan yankan kuma shi ke toshe ƙofar da Ɗalibi ya ambata, don mai hekta ɗaya ba zai kawo buhu 90 ya ce daga gonarsa suke ba.

Baba Mai Fangali, Kadawa:
Allah ya yi muku albarka. Tsakuwar nan ma ba kullum mugunta ba ce. Wanda ya sussuke a kan ƙasa dole ya kwashi ƙasa. Tamfol biyu a cikin kayan tallafi zai rage datti fiye da duk wata barazana.

Akantan Ƙungiya:
Hajiya, furotin fa? Masu fulawa kullum shi suke ambata in za su ce tamu ba ta kai ta waje ba.

Hajiya Mai Gwaji:
Furotin yana da muhimmanci ga mai burodi, shi ke ba ƙullu danƙon da zai riƙe iska ya tashi. Amma ina ba da shawarar kada a sa shi cikin sharaɗin manomi ɗaya ɗaya, saboda dalilai da zan faɗa.

Na'urar da ke karanta shi da haske cikin minti ɗaya tana da tsada, kuma sai an daidaita ta da ire-iren alkamar wurin. Ba za a same ta a kowace cibiyar saye ba. Sannan akwai rikicin lissafi: Amurka tana faɗin furotin a kan danshi 12, Turai a kan busasshiya ƙayau. Alkamar da Ba'amurke zai ce 12, Bature zai ce 13.6, kuma ƙwaya ɗaya ce. Duk wanda ya kwatanta tamu da ta waje bai faɗi ma'aunin da ya ɗauka ba, a tambaye shi.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne motsattsiyar alkama takan fi mai ƙiba yawan furotin a lissafin kashi cikin ɗari. Zafi ya fi hana sitaci taruwa, sai kason furotin ya hau alhali ƙwayar ta rame. In ka biya a kan furotin kaɗai, wanda ya makara ka ba kyauta. Dole a karanta shi tare da nauyin lita.

Abin da manomi zai iya yi a kai shi ne raba yuriya. In aka zuba duka da wuri, ganye ne zai ci. Kashin da aka sa daga lokacin da kara ya fara gaɓa zuwa dab da fitar kai shi ke shiga ƙwaya. Ku gutsura ƙwaya ku duba: mai sheƙi kamar ƙaho ta samu abinci, wadda cikinta ya yi fari kamar alli ta yi yunwa. Ƙungiyar da ke son ta san matsayinta ba tare da na'ura ba tana iya wanke ƙullu: fulawa giram 25, ruwa kamar mililita 15, a kwaɓa, a jiƙa dunƙulen a ruwa rabin awa zuwa awa ɗaya, a yi ta murzawa a ƙarƙashin siririn ruwa har ruwan ya daina fari. Abin da ya rage mai kama da cingam a matse a auna. Giram 7 kashi 28 ke nan, ya isa burodi. Hannu yana bambanta da hannu, don haka wannan na sanin kai ne, ba a yanke wa kowa kuɗi da shi. In kamfani yana son biyan ƙarin furotin, ya auna a kan motar ƙungiya gaba ɗaya, ƙungiya ta raba.

Kuma ba duk alkama ce ta burodi ba. Mai gurasa, mai alkaki, mai funkaso da mai taliyar murji suna saye a kasuwa, kuma ba ruwansu da lambar ɗakin gwaji.

Ɗalibin Noma a Masar:
Gwajin tsiro fa, Hajiya, wanda ake ƙirga daƙiƙoƙi? Turai ta sa daƙiƙa 220 a matsayin mafi ƙanƙanta.

Hajiya Mai Gwaji:
Ƙanena, wannan na masu girbi cikin ruwa ne. Garin alkama giram 7 da ruwa mililita 25 ake dafawa a bututun gilashi, a ga tsawon lokacin da sanda za ta ɗauka ta nutse. In ƙwaya ta fara tsira a zangarniya, kunun ya tsinke, sanda ta faɗi da wuri. Alkamar rani ta Kano da Jigawa ba kasafai take da wannan matsala ba, sai wadda ta makara har ruwan farko ya same ta a tsaye ko a tari. Inda zai yi amfani shi ne alkamar damina ta tsaunukan Jos da Mambila, can ma sai an gyara lissafin, don ruwa yana tafasa ƙasa da digiri 100 a kan tudu, lambar takan fito sama da gaskiya. Sayen wannan na'ura ga kowace cibiya a Hadejia ɓarnar kuɗi ce, gara a sayi rariya da ƙarfen gwada sikeli.

Malamin Gona na Kura:
Saura wa zai riƙe kayan awon. In mai saye ne ke aunawa, shi ke yanke daraja, shi ke kai wa gwamnati sunayen waɗanda suka ci, an ba kura ajiyar nama. In ƙungiya ce kaɗai, 'yan'uwa za su yi wa juna kara. Mutum uku a teburi: na mai saye, na ƙungiya, da malamin gona ko ma'aikacin awo wanda albashinsa ba ya hawa ko sauka da sakamakon. Rasit kofi uku, a rubuta lambobin kansu, danshi kaza, datti kaza, nauyin lita kaza, motsattsiya kaza, kada a rubuta daraja ta biyu kawai a wuce. Jadawalin ragi da ƙari a manna shi a bango da boko da ajami, kuma a karanta shi a rediyo tun Oktoba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai Sikeli na Dawanau:
Ƙorafi kuma a sa masa wa'adi, Malam, kwana 3 ko 5, don mai saye ba zai riƙe mota yana jiran ɗakin gwaji ba. A biya manomi a kan sakamakon farko nan take, in ledar ajiya ta nuna an tauye shi a cika masa, kuɗin gwajin ya hau kan wanda ya yi kuskure. Sai dai a sani, gardamar danshi ba ta jira. Ledar da ba ta liƙu sosai ba a iskar Afrilu, kwana biyu ya isa ta sauya. Ga danshi a yi amfani da kwalba mai murfin roba, a cika ta har baki.

Akantan Ƙungiya:
In kuɗin gwaji zai hau kan manomi idan ya faɗi, mai buhu 8 ba zai taɓa ɗaukaka ƙara ba, Alhaji, tsoro zai hana shi. Sai dai ƙungiya ta ware wani abu a kowane buhu ta riƙa biya wa mambobinta.

Sakataren Ƙungiya, Auyo:
Za a iya, amma sai mambobi sun amince a taro. Hajiya, in ba damuwa ki turo mana girman tsagar rariyar da kamfanonin fulawa suka fi karɓa da sunan irin gwangwanin lita da za a nema a Kano, mu ga ko ƙungiyoyi uku za su haɗa kuɗi su sayi saiti ɗaya kafin a fara yanka.

Hajiya Mai Gwaji:
Ku fara tambayar wanda zai saya muku wace rariya yake aiki da ita, ku sa ya rubuta a yarjejeniya, sannan ku sayi irinta. Gwangwanin kuma ku tabbatar ya zo da mazurarinsa da wuƙarsa da takardar juya lissafi, don akwai mai rabin lita da mai rubu'in lita, kuma kowanne da jadawalinsa.